Dodon Gidan Ruwa da Kaset

Tun tana budurwa Inna take yi wa dodon gidan ruwa waƙa. Ɗakin aikinta yana ƙarƙashin injinan famfo: kujerar roba guda, bango kullum a jiƙe, sai bakin rijiya da aka rufe da ragar ƙarfe. In dodo ya ji waƙa sai ya matsa gefe, ruwa ya hau bututu. In bai ji ba ya kwanta a kan idon ruwan, gari ya wuni da ƙishi. Shi ya sa ko bikin 'yarta a tsaitsaye ta halarta.

Yanzu sanyin ɗakin ya gama cin gwiwoyinta, 'yar kuma ta gyara mata ɗaki a garin da take aure. Babu abin da Inna take so kamar ta tafi.

Surukinta mai gyaran rediyo ne, irin mutanen nan da komai a wurinsu ƙaramin aiki ne. Ya zo da rikoda.

"Inna, rerawa ɗaya za ki yi. Shi dodo ina ya san kaset?"

Aka ɗauki muryarta, aka rataye lasifika a jikin raga. Da farko ruwa ya zo. Inna ta ɗaure kaya, har tukwanenta ta rabar wa maƙwabta.

Akwai abin da ba a tambaye ta ba, ita ma ba ta ɗauke shi aiki ba balle ta faɗa. Duk ƙarshen baiti takan yi shiru, dodo ya amsa da gurnani, sannan ta ci gaba. Kaset kuwa ba ya jiran kowa. Dodo zai amsa ke nan, murya ta bi ta kansa ta wuce. Ba a jima ba famfuna suka koma fitar da iska.

A tashar mota manajan gidan ruwa ya cim mata, hula a hannu.

"Inna, ki yi wa Allah. Asibiti ko ɗigo babu."

Ta koma, ranta a ɓace. Ta rera baiti, ta yi shiru, dodo ya ƙi amsawa. Ya daina yarda. Yanzu sai ya ja shirun, wani lokacin rabin wuni, ya ga ko muryar za ta jira shi. Muddin tana zaune tana jira, ruwa na hawa. Amma ko bayan gida ta fita, sai ya koma kan idon ruwa.

Rannan tana cikin jira 'yarta ta kira ta a waya.

"Inna, yaushe za ki taho? Yara sai tambaya suke."

Ruwan rijiya ya motsa. Inna ta danne wayar a ƙirji, ta yi raɗa.

"Kashe, 'yar nan. Kar ki ƙara kira, ba ya son jin murya a cikin na'ura."