Malam Ɗalhatu Mai Jan Farce, Wanda Ya Kai Ƙarar Idonsa

Da an sallame sallar asuba a masallacin layinsu na Hor Al Anz da ke Dubai, Malam Ɗalhatu ba ya komawa kan katifa. Zai tsaya wurin mai shayi ya karɓi shayinsa na karak a kofin takarda, ya hau jirgin ƙasa zuwa Al Qusais, ya buɗe ƙofar wani sito da ko allon suna babu. A ciki akwai tebur, da sifanoni, da ƙananan tulunan gas a jere kamar kwalaben lemo. Shekara goma sha takwas ke nan yana wannan zarya. Ƙarshen watan nan zai miƙa makulli ya koma Kano, aiki ya ƙare, zaman Dubai ya ƙare. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya kama shi da laifi. Shi da bakinsa ya kai ƙarar kansa.

Bari in yi wa wanda bai san sana'ar ba bayani. A bayan gari akwai filin da manyan mutane masu iyali suke rufe fuska su yi ta harbin juna da ƙwallayen fenti. Ikon Allah! Kowace bindiga da tulun gas ɗinta ɗaure a gindi. Gas ɗin kuwa rabinsa ruwa ne mai sanyin ƙanƙara kwance a ƙasan tulun, iskar tana sama. Bindiga iska take so. In ta zuƙi ruwan, ko dai ta daskare, ko ta yi mahaukacin harbin da zai ji wa mutum ciwo. Aikin Malam shi ne ya sauke gas ɗin tas, ya kwance bawul, wato murfin ƙarfen da ke riƙe gas, daga wuyan tulu, ya sa masa siririn bututun tagulla, ya lanƙwasa shi yadda bakinsa zai tsaya can sama inda iskar take. Kowane tulu da bindigarsa, don sai ya gwada ya ga yadda ya zauna a jikinta kafin ya lanƙwasa.

Wurin mayar da bawul ɗin ne rai yake. Sai ya shafa masa gam, ya ɗaure shi tamau, domin in bawul ya kwance alhali tulu a cike yake, tulun zai tashi ne ya fasa duk abin da ya tarar, ko da kan mutum ne. Saboda haka in ya gama sai ya ja layi ɗaya daga bawul zuwa wuyan tulu. Layi a miƙe, lafiya lau. Layi ya rabu biyu, a ajiye a gudu. Da me yake jan layin? Da jan farce irin na mata, wai ya fi kowane fenti kamawa. Ka ga dattijo da furfurar gemu a kanti a Al Rigga yana zaɓen wanda ya fi ja! Nan ya samo sunansa, kuma bai taɓa jin haushi ba.

Mu da muka riski farkon filin ba za mu manta ba. Yashi ne kawai da tsofaffin tayoyi da rumfar kwano ɗaya, gari bai iso wurin ba tukuna. Duk washegarin Sallah 'yan kasuwarmu na Kano sukan ajiye maganar kago da kwantena su cika mota biyu su tafi. Malam yana zaune a inuwa da tulunansa lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, yana faɗa da duk wanda ya bar nasa a rana. Yau filin yana da fitilu da kanti, yawancin masu wasa sun koma tulunan iska zalla da ba sa bukatar bututu. Wallahi ina kewar wancan lokacin, har faɗan nasa nake kewa.

Babban abin da yake haɗa shi da mutanenmu shi ne halin kirkinsu. Mutumin da ya saba cin abinci kwano ɗaya da ɗan'uwansa, in ya ga gas ɗin abokinsa ya ƙare a tsakiyar wasa, ai kwance nasa zai yi ya miƙa masa. Malam ya yi magana har ya gaji.

"Alhaji, wannan fa ba buta ba ce da za a ara. Tulun wani a bindigar wani, ƙasa bakin bututun zai kalla, ta zuƙi ruwa."

Su ce, "To Malam, khalas, shi ke nan, mun ji." Baɗi kuma su sake.

Sai Sallar da ta wuce. Ana jajibiri ya gyara tulu talatin saboda wasan 'yan kasuwa. Saura uku gam ɗinsa ya ƙare, ya ɗauko sabuwar kwalba a akwati ya ƙarasa, ya ja layi, ya tashi. Washegarin Sallah da hantsi, mota ta riga ta tafi da kaya, ya tsaya share tebur kafin ya bi su. Ya ɗaga kwalbar da ya yi aiki da ita, ya kawo ta dab da hancinsa, ya karanta rubutun jikinta. Ashe mai ne, irin wanda ake shafa wa robar bawul. Sabon gam yana nan cikin akwati ko buɗe shi ba a yi ba. Tulu uku ke nan a fili da mai a inda ya kamata a sa gam.

Gaskiyar da bai taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, shekara guda ke nan rubutu yana yi masa hazo-hazo. Ya ɓoye, don ya san a garin nan in aiki ya tafi biza ta bi shi. Kuma ba mai sanin wannan kuskure sai shi da Allah. Ya ɗaure bawulolin da ƙarfi, mai yiwuwa su shekara ba su motsa ba. Ya faɗa mini cewa ya zauna a kujera kamar minti ɗaya yana wannan tunanin, kuma har gobe yana jin kunyar minti ɗayan nan. Sai ya tuna su wane ne a filin. Masu kwance tulu su ba aboki!

Musbahu, mutumin Zariya da ke alƙalancin wasa a filin, shi ya ga sauran. Ya ce wayarsa tana cikin akwati kamar yadda doka ta ce, bai san Malam ya yi ta kiransa ba. Kawai sai ya ga tasi ta tsaya, Malam ya fito da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, ya faɗa tsakiyar fili fuska a buɗe.

"Musbahu, busa! Busa usur, don Allah!"

Kafin a tsaya, ƙwallo biyu sun fashe a rigarsa ta Sallah. Bai ko duba ba. Can bayan tayoyi Alhaji Zailani, mai harkar atamfa, ya durƙusa yana murza tulunsa zai ba abokinsa Nasrullahi.

"Alhaji, kada ka ƙara murzawa! Ajiye shi a hankali, ku ja baya!"

"Haba Malam, aro ne fa na minti biyu."

"Dubi layin!"

Alhaji Zailani ya duba. Layin ya rabu, rabi nan rabi can. Ashe ba daga bindiga tulun yake kwancewa ba, daga bawul ɗinsa yake fita, kuma gindin tulun yana kallon ƙirjin Nasrullahi. Malam ya kori kowa, ya sauke gas ɗin sannu a hankali, sannan ya bi sauran tulunan ɗaya bayan ɗaya har ya ware ukun nan.

Mutane suka yanyame shi da godiya, kowa yana ɗora laifin a kan Alhaji da ƙarfin hannunsa. Da ya yi shiru, da ranar ya zama gwarzo. Sai ya ɗaga hannu.

"Ku daina. Ba laifin Alhaji ba ne. Ni na sa mai a madadin gam, don idona bai bambance su ba. Na daɗe da sanin yana raguwa, na ɓoye."

Manajan filin, wani Balarabe mai kirki, ya ja shi gefe. "Khalas, ya habibi, ba wanda ya ji ciwo. Sayi tabarau ka ci gaba da aikinka." Malam ya je asibiti, likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a riƙe saura. Manaja ya sake cewa ya zauna, za a haɗa shi da mai duba masa. Ya ce a'a, aikin nan na ido ne, ba ya yi da idon aro. Wata uku kawai ya nema, ya zaunar da Musbahu ya koya masa komai.

Malam Ɗalhatu, kai ne wanda ba a taɓa tafa wa ba, don aikinka in ya yi kyau ba a ganin komai, kowa ya koma gida da fenti a riga yana dariya. Kai ne ka shekara goma sha takwas kana tsare rayukan mutanen da ko sunanka na gaskiya ba su sani ba. Maƙerin iska, dattijon Al Qusais! Ba na yabonka don ba ka taɓa kuskure ba, ka yi, kuma babba. Ina yabonka don an miƙo maka rigar gwarzo kyauta ka ƙi sawa.

Mun gode, Malam. Allah ya riƙe maka sauran ganinka, ya kai ka gida lafiya. Mu kuma da ke riƙe da sitiyari, ko allura, ko wayar lantarki, kowa ya san abin da ya fara raguwa a jikinsa yake ɓoyewa. Mu faɗa tun ba a ɗauki gawa ba.

Jiya Nasrullahi ya je sito yi wa Malam sallama, ɗauke da 'yarsa da aka haifa wata biyu bayan Sallah. Malam ya karɓe ta, ya matso da ita dab da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa.

"Ba na ganinta sosai," in ji shi. "Amma alhamdulillahi, ita za ta ga ubanta."