Ranar da Mai Aski Ya Sauke Takunkumi

A layin da ke bayan tashar mota akwai wani mai aski da kowa ke kira Ba-Komai, domin tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa jin a'a ta fito daga bakinsa ba. Ka zo yana rufe shago, ba komai. Ka kwaso masa yara masu ihu kamar za a yanka su, ba komai. Masu tsegumi ma sun ce matarsa ce ta fara cewa tana so, shi kuma ya ba ta amsar da ya saba. Irin mazan nan ne da duniya ke yabo, matansu kuwa su ke shan wahalar yabon.

Sana'ar a hannun wani dattijo ya koye ta, wanda duk layin ke kira Tsoho. Shi ya nuna masa yadda ake wasa aska, yadda ake jan fatar kunci da yatsu biyu, da yadda ake kama baki idan aska ta kai maƙogwaro. Da hannun Tsoho ya fara rawa, sai ya bar masa shagon da kujerar da madubin nan mai tsaga a gefe. Tun daga lokacin ba wanda ke taɓa fuskar Tsoho sai yaron da ya koyar. A wurin masu aski, ubangidanka ya zauna a kujerar wani kana raye, an gama da kai a gari.

Allah ya ba Ba-Komai 'ya ɗaya bayan dogon jira, aka haife ta da huda a zuciya. In ta yi ɗan gudu sai leɓɓanta su yi duhu, murar da ke wuce sauran yara ita kan kai ta gadon asibiti. Saboda yadda ake lallaɓa ta aka sa mata 'Yar Ƙwai. Baki gare ta kamar na uwarta, ƙarfi ne kawai babu.

Da annoba ta shigo, uwar ta ajiye aikinta na ɗinki a kasuwa, ta rufe ƙofa, ta kafa dokokin da suka sa maƙwabta suka koma kiranta Kwamanda. Takalmi a waje. Bokiti da sabulu a bakin ƙofa. Maigida ba ya taɓa yarinya sai ya tuɓe kayan aiki ya yi wanka. Kakar yarinyar ma ta taga ake gaisawa da ita, tana ta mita wai an mayar da ita mai tallan gawayi. Shago kuwa dole a buɗe, tunda ciki ba ya jin dokar annoba. Sai suka yi yarjejeniya: kujera a bakin ƙofa inda iska ke kaɗawa, askin kai kawai, babu gyaran fuska. Mai zuwa aski da takunkuminsa, mai aski da nasa. Ba-Komai ya rantse, kuma abin mamaki ya riƙe, domin duk wanda ya nemi gyaran gemu sai ya ce masa Kwamanda ce ta hana. Da sunan mace ya koyi ƙin abu.

Allurar rigakafi ta zo, aka fara da tsofaffi, aka yi wa manya, aka gangaro kan yara masu wayo. Ƙanana irin 'Yar Ƙwai, waɗanda suka fi kowa buƙata, aka ce su dakata tukuna. Iyayen sun yi tasu, amma likita ya ja musu kunne cewa babba mai allura ma yana iya kwaso cutar ya kai gida. Garin ya buɗe, yaran maƙwabta suka koma makaranta, ita tana leƙensu ta taga tana ba su umarnin yadda za su yi wasa. Tsoho kuwa ya ƙi allurar ƙememe. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗora wa jama'a aska a wuya, wai tsinin allura yake tsoro.

Ana nan sai aka kira daga asibiti. An samu allura 'yar kaɗan ta ƙananan yara masu ciwo, a kawo yarinya farkon mako mai zuwa. Kwamanda ta zauna a ƙasa ta yi kukanta, ta tashi ta hau wanki.

A cikin makon nan ne Tsoho ya dogaro sandarsa ya zo shago, gemu ya cika masa fuska kamar tsohon bunsuru. Ba-Komai ya durƙusa ya gaishe shi, ya fara kame-kamen cewa yanzu kai kawai ake yi. Tsoho ya zauna a kujerar da ya fi kowa sanin ta, ya cire takunkuminsa ya cusa a aljihu.

"Kai nawa ya rage mini da za ka aske? Ko in tafi wurin yaran nan masu kilifa, a ce wanda na koyar ya gudu daga gemuna?"

"Haba Baba, ba a yi haka ba."

"To kawo kumfa."

Ya kawo. Ya shafa, ya ja fatar, ya sunkuya. Matsalar ita ce Ba-Komai da tabarau yake aiki, kuma duk numfashin da ya fitar a cikin takunkumi sama yake hawa ya dushe gilashin. A kan ƙeyar mutum da kilifa wannan ba wani abu ba ne. Amma aska a maƙogwaron tsoho, fata duk ta saki, ga ido ba ya gani? Ya goge tabarau, ya sake dushewa. Sai ya sa ɗan yatsa ya ja takunkumin ƙasan haɓa, yana ce wa kansa yanzu zai mayar. Tsoho, wanda ya koya masa shiru a ƙarƙashin aska, ranar bakinsa bai huta ba. Kaɗaici ya dame shi, labari yake zubawa, yana tari yana cewa sabulun ne ya shaƙe shi.

Aski dai ya yi kyau, a faɗi gaskiya. Ba-Komai ya koma gida ya yi wanka har sau biyu, kamar sabulu na shiga huhu. 'Yar Ƙwai ta haye cinyarsa tana ja masa hanci, shi kuma ya kasa cewa sauka.

Ana gobe za a je asibiti 'yar Tsoho ta bugo waya: an kwantar da Baba, an gwada, cutar ce. Ba-Komai ya tsaya da kilifa tana kuka a hannunsa har wanda ake yi wa askin ya tambaya ko an fasa ne. Daga nan ya fara jin ƙaiƙayi a maƙoshi, bai san ko cuta ce ko tsoro ba. Ya shirya maganar tun daga shago har ƙofar gida. Da ya shiga sai ya tarar da Kwamanda tana goge rigar da yarinya za ta sa, tana 'yar waƙa, abin da rabon ta da yi tun kafin annoba. Maganar ta koma ciki. Ya ce bayansa ke ciwo, kada yarinya ta hau shi, ya kwanta a falo da takunkumi wai ƙura ta dame shi. Wayon maza ke nan, iyakarsa ƙarya ƙarama a rufe babba.

A asibiti iyaye sun jeru nesa da juna, kowa riƙe da ɗansa kamar za a ƙwace. Ga mai ciwon ƙoda, ga wani ɗan yaro da magani ya zubar masa da gashi, yana zaune daf da inda Ba-Komai ya tsaya. Ya matsa, ya ƙara matsawa, har ya kai bango. Da layi ya zo kansu, nas ɗin ta tambaya, kamar yadda take tambayar kowa, ko wani a gidan ya kusanci mai cutar a kwanakin nan. Kwamanda ta ce ko ƙuda ba ya shiga gidanta sai ya wanke hannu. Nas ta yi dariya ta ɗauko auduga.

"Ni na kusanta," in ji Ba-Komai daga jikin bango.

Ya faɗa duka, har da tabarau. Nas ta ajiye audugar. Ba ta yi faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce ya fita waje yanzu, a gwada su duka, yarinya kuma ba za a yi mata ba sai an tabbatar ba ta ɗauka ba. Kwalbar da aka buɗe ba ta jira, wani yaron za a ba. Sabuwa kuwa, in ta zo za a kira.

A bakin ƙofar asibitin Kwamanda ta tsaya nesa da shi, yarinya a kafaɗa. Ya jira ruwan masifa, bai samu ba.

"Baban 'Yar Ƙwai, ni na rufe ƙofa na hana uwata shiga. Kai gemu ne ya fi ƙarfinka."

Gwaji ya nuna ya ɗauka. Ya tare a shago, ƙofa rufe, yana kwana a kan bencin masu jiran layi, madubi na nuna masa wanda ba ya son gani. Kwamanda kan ajiye masa abinci a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta wuce. Ita da yarinyar Allah ya tsare, ba su ɗauka ba. Tsoho ma ya tashi, irinsu ba sa tafiya da wuri. Amma da aka koma asibiti allurar ta ƙare, kuma ba wanda ya san ranar zuwan wata.

Ranar da ya warke ya dawo gida, Kwamanda ta tare shi a wurin bokiti ta ce yarinya kullum tana tambayar dalilin da aka fasa, ita kuma ba ta gaya mata ba, domin ba ita ta yi ba.

Ya yi wanka ya shiga. 'Yar Ƙwai na tsaye a kan kujera jikin taga, yaran maƙwabta na wucewa da jakunkunansu. Ya zauna a ƙasa ya ce mata shi ne ya ja. Ya yi wa Kaka Tsoho gyaran gemu alhali Mama ta hana, shi ya sa ba za ta fita ba tukuna. Ta dube shi, ta ɗan yi tunani.

"To gemun ya yi kyau?"

Ya ce ya yi.

Ta ce to ya matsa, yana tare mata iska, ta juya ta ci gaba da kallon titi.