Kullen Wayar Danda

Shekara talatin Danda yana dillancin bisashe a kasuwar Mayahi. Ni maƙwabcinsa ne, kuma ban taɓa jin ya yi magana a hankali ba. Ko gaisuwa yake yi, sai ka ɗauka rigima ce.

Babban mai ba shi amana shi ne Jaji, makiyayi daga Issawane. Duk jajibirin kasuwa Jaji zai kira ya faɗa masa raguna nawa zai koro, da hanyar da zai biyo. Bara ɓarayi suka tare Jaji a daidai hanyar da ya ambata, suka kore ragunan.

Danda ya ɗora wa waya laifi. Ɗiyarsa Shamsiyya, wadda ta karanta aikin na'ura a Maradi, ta sa musu manhajar kira ta intanet, shi da Jaji. Ta ce magana tana fita a kulle, ba ta buɗewa sai a wayar wanda aka kira, ko masu rezo, wato kamfanin waya, ba su jin komai. Danda ya dinga yi wa dillalai burga.

Bayan wata biyu aka sake tare Jaji. Ya aiko cewa in aka yi na uku, ya bar Danda har abada.

Shamsiyya ta zo ta bincika wayar, ba ta ga komai ba. Jajibirin kasuwa ta bi uban, ta tsaya nesa wajen mai waina. Jaji ya kira. Danda ya danna lasifika a tsakiyar rumfa cike da mutane. Daga inda take ta ji adadin ragunan, da hanyar, har da rijiyar da za a tsaya.

Ta ja shi gefe. "Baba, ni na kulle, kai kana shela! Mi ya sa?"

Mu duk mun ɗauka burga ce. Ina kusa da su, na ji amsar da ya ba ta.

"Kunnen hagu ya mutu, ɗiyata, na dama ma kaɗan ya rage. In an sani, wa za ya ba kurma dillanci?"

Wallahi na ji kunyar dariyar da muka sha yi masa.

Danda ya shiga gonar hatsi shi kaɗai, ya kira Jaji ya ce ya sake hanya, kuma ya faɗa masa gaskiya. Washegari ragunan suka iso cif. Jaji bai ta da maganar ba. Ya zagayo ta kunnen dama, ya yi sallama da ƙarfi, ya miƙa masa igiyar ragunan.