Salansar da Ke Tada Ma'aikatan Challawa

Jiya Malam Idi mai walda ya rufe rumfarsa ta Sharada, tsufa ya zo. Sai na tuna ranar da na raka Kawu Garba wurinsa, farkon shekarun 1980, salansar tsohuwar jif ɗinsa ta huje.

Kullum bayan sallar asuba Kawu ke kwasar ma'aikatan kamfanin fata daga ƙauyenmu zuwa Challawa. Yawancinsu ba agogo, ƙarar motar suke ji su fito. Wanda ya cika makara, sallamarsa ake yi.

Malam Idi ya ɗauko wa Kawu salansa sabuwa fil. "Alhaji, wannan ko a zaure kuka tsaya ba mai ji."

Kawu ya ce, "To ita ce ba na so. Haɗa mini wadda za ta tada magidanci, ta bar jariri yana barci."

"Salansa kuke nema ko ladani?"

Duk da tsokanar, wuni ya yi yana yanka bututu, yana gwadawa, yana kasa kunne, har gurnanin ya yi kauri ba tsawa.

An ce cikin ma'aikatan nan ba wanda aka taɓa sallama saboda makara. Ban tabbatar ba tukuna. Wanda ya taɓa shiga motar nan, don Allah ya faɗa mana.