Birgin Ma'azu

Ma'azu mai ɗinkin guga ne a kasuwar Tawa, amma idan ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce su, wato kamun kifi. Yana faɗin haka ba ko murmushi, a garin da kifi ke zuwa a bushe cikin buhu daga Kwanni.

Yana da hujjarsa. Kakansa Basarke ne, masunci daga Kabi, yunwa ta koro shi arewa, ya zo da mata ɗaya da birgi ɗaya. Birgi shi ne ragar nan mai dalma a baki da ake wurgawa ta buɗe a kan ruwa. Kakan ya mutu ya bar wa uban Ma'azu, uban ya yi haƙar rijiya har ƙarshen ransa, ya bar wa Ma'azu. Duk shekara Ma'azu yakan jiƙa birgin da ruwan bagaruwa, ya sake zaren da ya ruɓe, ya fita bayan gida ya yi ta wurgawa a kan rairayi. Hannunsa ya faɗa ƙwarai. Kajin matarsa Hawa kuwa, da sun gan shi da raga sai su hau danga.

Rumfarsa tana daura da ta Dodo mahauci. Mahauta da masunta abokan wasa ne tun kakanni, to Dodo ya sami na wasa a ƙofa.

"Sarkin Ruwan Tudu, ina kwana? Yau mi anka kamo, zakara ko kaza?"

"Je ka kori ƙudanka," in ji Ma'azu.

"Bawana, ranar da ka kawo min kihin da ka kama da hannunka, in ba ka ƙahwar saniya guda."

Shekara ashirin ana wannan. Ma'azu yana dariya tare da jama'a, amma Hawa ta ce in ya koma gida tuwo ba ya shiga. Abin da yake so ɗaya ne: birgin ubansa ya jiƙe ya fito da kifi kafin shi ma ya bar shi gado.

Shekara huɗu bayan samun mulkin kai, wani Ba'abzine mai raƙuma, Almustafa, wanda ke kawo dabino yana sayen guga, ya ji wasan nan. Ya ce can ƙasarsu akwai wata ƙorama tsakanin baƙaƙen duwatsu da ba ta ƙafewa, kuma cike take da "abubuwan nan". Ko sunan bai kama ba, don su mutanen Abzin ba sa cin kifi, ƙyamarsa suke.

"Ba mai kama su?" in ji Ma'azu.

"Wa za ya taɓa su?"

Bayan kaka Ma'azu ya naɗe birgi a buhu ya bi shi. Kwana biyu a bayan kamyo, babbar motar kaya, zuwa Agadas, kwana biyar a kan raƙumi. Ma'azu ya ce tun rana ta uku ƙasa ta canja. Duwatsu baƙi ƙirin, masu huji-huji kamar kashin maƙera, an zube su har iyakar gani, ga wani tsauni a tsakiya mai kai kamar an yanke shi da wuƙa. Tsofaffin wurin suka ce tsaunin ne ya taɓa aman wuta tun ba a haifi kakanninsu ba. Takalmansa na fata sun kai, amma da ƙyar.

Ƙoramar tana cikin wani kwazazzabo. Ruwa garau, mai sanyi, kana ganin kifin suna yawo abinsu kamar tumakin da ba su san mahauci ba. Ma'azu ya yi bisimilla, ya karkace ya wurga. Birgi ya buɗe da'ira cif, ya sauka. Almustafa da ke tsaye nesa ma sai da ya ce madalla.

Da Ma'azu ya ja igiya sai ta ƙi zuwa. Shekara ashirin yana wurgawa a kan rairayi, ba wanda ya gaya masa masunci yakan duba ƙasan ruwa tukuna. Duwatsun nan masu kaifi sun riƙe ragar. Ga shi jikan Basarke bai iya iyo ba.

"Malam Almustafa, ka iya ruwa?"

"Na iya shansa."

Ma'azu ya tuɓe riga. Almustafa ya ɗaura masa igiyar raƙumi a ƙugu ya riƙe ɗaya bakin. Ma'azu ya shiga, ruwa ya kai masa ƙirji, ya kai haɓa, yana lalube da yatsun ƙafa yana ɓanɓarar raga daga dutse. Ya sha ruwa sau uku. Ya fito yana kaɗuwar sanyi, ƙafafu duk yanka, birgi ya yage wajen kamu biyu. A cikin abin da ya saura akwai kifi goma sha ɗaya. Babbansu bai wuce tafin hannu ba.

Ya gasa ɗaya ya ci a wurin. Sauran ya tsaga su ya barbaɗa gishiri ya shanya a kan baƙin dutse, rana ta busar da su cikin yini biyu.

Ranar komawa ya ɗauko buhu zai ɗora, Almustafa ya tare shi da sanda.

"Ba a kan raƙumina ba."

"Ai da shi muka zo."

"Da muka zo bai taɓa su ba. Kai ka wanke hannu ka hau. Ragar da abubuwan nan ka bar su nan."

Ma'azu ya dubi raƙumi, ya dubi hanya. Ya yi gammo ya ɗora birgi da dalmarsa a ka, ya rataya kifin a wuya. Haka ya taka kwana biyar, a bayan ayari, ta inda iska ba za ta kai musu ƙarni ba. Ruwa ma a tafin hannu ake tsiyaya masa, don kada ya taɓa bakin salka. Ya shiga Agadas da tsummoki ɗaure a ƙafa.

Da ya koma Tawa, ranar kasuwa ya zube kifi goma a gaban Dodo. Dodo ya ɗaga ɗaya ta wutsiya ya juya.

"Wanga ai ƴan Kwanni na saida irinsa. Ina shaida?"

Almustafa ya iso Tawa bayan mako uku da dabinonsa. Ya gaisa da kowa hannu da hannu, da ya zo kan Ma'azu sai ya ja amawali ya rufe hanci, ya gaishe shi daga nesa.

"Mi ya haɗa ku?" in ji Dodo.

"Mutumin nan," in ji Almustafa, "a gabana ya shiga cikinsu har wuya. Ya kama su da hannu. Ya ci ɗaya, da kan, da idon."

Sai Dodo ya juya ya sauko da ƙafar saniya daga ƙugiya, ya ajiye a kan gugunan Ma'azu.

"Ƙanana ne dai," ya ce.

"Ƙahwar ma ta ɗan maraƙi ce," in ji Ma'azu.

Bai sake zuwa Abzin ba, kuma bai sake wurga birgi a bayan gida ba. Ya ci gaba da ɗinkin guga. Duk shekara yana jiƙa ragar da bagaruwa kamar da, amma yagewar nan ta kamu biyu bai taɓa ɗinke ta ba, ko da yake a Tawa ba wanda ya fi shi iya ɗinki.