Tukunyar Mabiyiya

Shekarar da jam'iyyu suka fara fitowa, kowa rediyo manne a kunne, ni kuwa takardun tambayoyi aka miƙo mini daga lakol, makarantarmu ta koyon ungozoma. Aka tura ni wata ƴar likita, wato ƙaramin asibiti, kusa da Sae Sabuwa, in gano abin da ke hana mata zuwa haihuwa. Amsa uku ce a takardar: nisa, rashin hali, ko miji ya hana. Mata suka yi ta ce mini nisa. Nisa fa! Wata daga ƙofar gidanta ana hango rufin likitar.

A wani gida na tarar da mai tsohon ciki, ƙafafunta sun kumbura suntum. Haihuwa biyu ta yi a ɗaka, duka ba su zo da rai ba. Na duba ta, na ga akwai hatsari. Na ce mata wannan karon sai dai a likita. Ta sunkuyar da kai. Uwarta ce ta jingine taɓarya ta dube ni.

"Ɗiyata, in tambaye ki. Mabiyiya, ina kuke kai ta?"

Na ce akwai rami a bayan gini.

"Rami guda, ta kowa da kowa, haɗe da ƙazanta? Mu wanke ta muke, mu binne bayan ɗaki, yaro ya san gidansu. Ba ni kai ɗiyata inda za a watsar da mabiyiyarta kamar hanjin kaza."

Wallahi kunya ta rufe ni. Tawa ma tana binne a garinmu Gazawa, shekara biyu a lakol ta sa na mance.

Na koma wurin majo, shugaban likitar, na ce a riƙa bai wa mata abinsu su tafi da shi. Ya ce babu wannan a ƙa'ida, in cika takardata in yi shiru. Ni kuwa Allah ya yi ni da naci.

"Majo, to nuna mini inda aka rubuta an hana."

Kwana huɗu ina binsa, daga buro, wato ofishinsa, har teburin mai shayi. A na biyar ya ɗaga hannu sama.

"Ke jaraba ce! Je ki yi, in magana ta taso ba ruwana."

Ran kasuwa na sayi ƴar tukunya mai murfi, na kai wa tsohuwar da kaina. Ta jujjuya ta, ta ƙwanƙwasa, ba ta ce za su zo ba. Sati biyu ina leƙen hanya, raina a dagule.

Wata rana da hantsi sai ga amalanken jaki, ɗiyar kwance tana naƙuda, tsohuwar rungume da tukunya. Haihuwar ta zo da gardama, cibiya ta naɗe wuyan yaron, ya fito shiru. Majo ya kwance, ya share masa hanci da baki, ya yi ta murza bayansa, zufa na ɗiga. Ni addu'a kawai nake. Can sai muka ji kuka.

Na wanke mabiyiyar da hannuna, na sa a tukunya na fita da ita. Tsohuwar ta buɗe ta duba sosai, ta mayar da murfi. Sannan ta tambaya:

"Kukan nan da nake ji, namu ne?"