Itatuwan Dado a Gonar Aro

Lokacin da Balki take takaba, akuyarta ta kusa mutuwa. Bazara ce, babu ciyawa ko ta magani, ita ba ta fita, ɗanta Ila kuma yana Agadas wajen nema. Wata safiya tana zaune bisa tabarmar sallah sai ta ji abu ya faɗo cikin gida ta saman danga. Dami ne na ɗanyen ganyen gawo, an ɗaure shi da kaba. Ta leƙa ta tsakanin kara, ta hango ƙeyar maƙwabcinta Dado yana tafiya, gatari a kafaɗa. Bai yi sallama ba. Da ta fita takaba ta je yi masa godiya, ko ɗago kai bai yi ba.

"Kukan akuyar ne ya dame ni," in ji shi. "Je ki abinki."

Dado ba ɗan garin ba ne. Ya gangaro daga arewa a shekarar babbar yunwa, yana saurayi, bayan dabbobin gidansu sun ƙare. Ya tsaya a ƙauyen su Balki, gabas da Falanko, domin nan ƙafarsa ta gaji. Wani dattijo mai suna Abdulgani ya ba shi aron gona, in dai fako gona ne: ƙasa ce ƙeƙasasshiya mai sheƙi, ruwa na sauka ya gudu ya bar ta yadda ya same ta. A Damargu kowa ya san sharaɗin aro. Mai aro ya noma, ya ci, amma ba ya dasa itace, domin wanda ya dasa itace ya kafa ƙafarsa ke nan.

Dado bai taɓa dasa komai ba. Awaki ne ke cin ƴaƴan gawo su bi ta fakon su zubar da iri. Abin da ya tsiro, wanda kowane manomi ke sarewa da sassabe, shi ne Dado ke bari. Ya zaɓi kara ɗaya mai ƙarfi cikin toho, ya cire sauran, ya kewaye shi da ƙayar magarya. Gonar mijin Balki tana iyaka da tasa, saboda haka tun tana amarya mai kai fura gona take kallon aikin. A idonta itatuwan suka wuce tsawon mutum, suka wuce tsawon raƙumi, har ta kai mutum biyu ba su haɗa hannu a gindin babbansu.

Gawo itace ne mai kunya. Da damina yakan zubar da ganyensa ya bar wa hatsi rana, da kaka kuma, lokacin da komai ke bushewa, sai ya yi kore. Ganyen da ya zuba shi ya mai da fakon baƙar ƙasa. Dado kan hau itatuwan ne ƙarshen ɗari, bayan ƴaƴan sun gama faɗuwa, da igiya a ƙugu. Ba ya taɓa kan itace. Rassan ƙasa yake ragewa, da waɗanda suka gitta juna suna goga. Yakan fara sara daga ƙarƙashin reshe, sa'an nan ya koma sama, don kada reshen ya faɗi ya ɗaye ɓawo ya tafi da shi. Ya gama ya shafe miki da laka haɗe da kashin shanu. Itacen da ya sha gatari bana ba ya ƙara ganinsa sai ya huta sosai. Mutanen gari kan kira shi ya gyara musu nasu, su ba shi ganye ko ƙwaryar hatsi.

Amma ba a ƙaunarsa, kuma ba a banza ba. Tausayin da yake yi wa itace bai rage ko kaɗan don mutane ba. Ya karya ƙafar akuyar wata tsohuwa da sanda saboda ta tsallake ƙaya. Matarsa ta kwashe kayanta ta koma Gangara ba su haihu ba, bai bi sawunta ba. Ranar da ya kama Nasiru, ɗan Abdulgani, ya karya kan wani ɗan gawo zai yi bulala, da wannan reshen ya zane shi, ƙaya da komai. Balki ce ta cire wa yaron ƙayoyin daga baya, yana cizon zanenta. Abdulgani ya haɗiye fushinsa, ya ce ai gyara ne.

Abdulgani ya rasu. Nasiru ya dawo daga haƙar zinariya da babur da furfura ɗaya-ɗaya, ya ce yana son gonar ubansa. Aka zauna ƙofar Maigari. Mata ba su zuwa, amma gidan Maigari danga ce kamar ta kowa, Balki tana ciki wajen bikin suna, ta ji komai.

"Gonar taku ce, ban musa ba," in ji Dado. "Ku karɓa. Abu ɗaya nake roƙo, a bar ni in riƙa hawa ina gyara itatuwan. Ganyen ma ku ɗauka, ba na so."

"Ranka ya daɗe, ka ji wayon tsoho," in ji Nasiru. "Yau a gan shi bisa itace, gobe a ce itacen Dado, jibi a ce gonar Dado. Ko ba haka ake yi ba?"

Maigari ya juya. "Dado, kai ka dasa su?"

"Ban dasa ba."

"To, abin da Allah ya tsirar a ƙasar mutum, na mai ƙasa ne."

Wani daga baya ya ce, "In gado ake nema, a kira akuyar da ta yi kashin, ita ce mai shuka." Aka kwashe da dariya. Duk wanda ke wurin, in bai ba da aron gona da yake tsoron a riƙe masa ba, to Dado ya taɓa dukan ɗansa. Babu wanda ya goyi bayansa. Dado ya tashi ya kakkaɓe rigarsa.

Bazarar da ta biyo ta yi tsanani. Makiyaya suka sauka kusa da gari da shanu suna tangaɗi, Nasiru ya sayar musu da ganyen gaba ɗaya. Mai dabbar da ke mutuwa ba ya tsayawa saran ƙarƙashi. Suka hau da barandami suka yi wa itatuwan aski, har kawunan, rassa na faɗuwa suna jan ɓawo kamar ana fiɗar rago. Dado na tsaye bakin hanya. Ya ɗaga murya ya ce su bar ko da kan babban.

"Baba, matsa baya," in ji Nasiru. "Ka tako iyaka."

Duk da haka gawo da wuyar mutuwa yake. Doka kuma ta hana sare ɗanyensa, busasshe ne ake ɗauka. Nasiru ya san wannan. Da damina, Balki na noma gefen iyakarta, ta ga ƙasa a tare a gindin babban itacen, irin tarin da iska ba ta yi. Ta tura da ƙafa. An zagaye gindin da wuƙa an cire ɓawon, faɗin tafin hannu, an rufe da rairayi. Ta duba na kusa da shi, haka. Ta yi innalillahi, ta je ta gaya wa Maigari da bakinta. Ya ce zai duba. Hatsin Nasiru ya yi kyau a shekarar nan, zangarniya kamar damtse, har ana zuwa kallo.

Kaka ta zo, gawon kowa ya yi kore, na gonar aro suka tsaya farare. Kullum da hantsi Dado kan je ya tsuguna bakin hanya yana kallon rassan, ko toho zai fito. Yara na wucewa suna ce masa, "Baba Dado, yau ma tohon bai fito ba?"

Ɗarin shekarar ya zo da ƙarfinsa, irin wanda ruwan randa ke yanka hannu da asuba. Wata rana amalanke ta tsaya ƙofar Dado, aka juye faskare. Nasiru na bisa babur.

"Baba, ga sadaka. Na ce kada sanyi ya kashe mana kai."

Dado ya sunkuya ya juya wani gungume. A jikinsa akwai tabon tsohon sara, ya warke sumul, zagaye kamar cibiya, har da ɓurɓushin laka. Ya mai da shi inda yake, ya shiga ɗaki. Itacen ya daɗe a ƙofar, ba ya taɓawa, yana ratsewa ya wuce. Balki na jin tarinsa ta danga. Ta miƙa masa kara daga nata, amma kara ba ya riƙe wuta. Wata asuba ta fito alwala ta ga hayaƙi na fita ta rufin ɗakinsa, mai kauri, ba irin na kara ba. Tulin ƙofar ya ragu. Daga ranar bai ƙara zuwa bakin hanya ba.

Tarin bai sake shi ba. Balki ce ke miƙa masa kunu, in Ila na gida shi ya shiga ya tashe shi zaune. Allah ya karɓi abinsa tsakiyar bazara, ranar kasuwa, da hantsi.

Hanya biyu ke zuwa maƙabartar garin. Gajerar ta ratsa gefen gonar, doguwar ta zaga bayan tabki. Balki ta aiki Ila wurin liman da saƙon da Dado ya bar mata. Liman ya ce a zaga. Masu ɗauka suka ce rana ta take, ga kasuwa na jiransu, mamaci kuma ba ya gani. Suka bi gajerar, ta tsakanin kututturan gawon da aka sare. Ila ya ce Nasiru ma ya kama makara.

Saƙon, Dado ya faɗa mata shi ne ranar da ya mayar da ƙwaryar kunu bai sha ba. Ya dafa danga, ya daɗe yana numfashi, sa'an nan ya kira ta da sunan da bai taɓa kiranta da shi ba.

"Uwar Ila, ke mai sallah ce, ƙila su ji maganarki. In an ɗauke ni, ki ce kada a bi da ni ta gonar. A zaga ta bayan tabki. Na san da nisa, amma ki gaya musu ba ni da nauyi yanzu."